Ƙayar Sharika a Lambun Alhaji Miftah

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Asabar aka rufe ƙofar ofishin mudir, kuma abin da aka yanke a ɗakin nan bai taɓa fita daga raina ba. Mu uku ne a ciki. Akwai mudir, wato shugaban aikin, yana bayan teburinsa. Akwai Muhandis Fu'ad, injiniyan gona ɗan ƙasar Masar, yana kujerar baƙi. Sai ni, Isufu, shugaban leburori, ina tsaye a bakin ƙofa, domin a ofishin nan daga muhandis kujera ta ƙare.

Ku da kuka fara aikin malamin gona yanzu ba ku san wurin ba, saboda haka zan fara da bayaninsa. A shekarun da kuɗin fetur ya yi wa Libiya yawa, na yi aiki a wani aikin noma a Sabha. Sashenmu na renon itatuwa ne. Mu cika baƙaƙen jakunkunan leda da ƙasa da taki, mu shuka iri, mu yi ban ruwa, idan dashe ya kai a raba wa masu lambu a ƙauyukan kwarin da ake kira Wadi Bawanis. Leburorin duk 'yan Nijar ne, akasarinsu fari ne ya koro su. An ba ni shugabancinsu saboda na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, kuma ina jin Larabcin kasuwa. Aikina kiran suna da safe, rabon aiki, da tafinta.

Maganar ranar kan wani itace ce. Wata sharika, wato kamfanin waje, da ta zo gina hanya, ita ta kawo shi daga wata ƙasa mai nisa. Ta shuka shi kewaye da sansanin ma'aikatanta don ya tare iska da rairayi. Da hanya ta ƙare, sharika ta kwashe kayanta ta bar itacen. Muhandis yana da wani dogon suna na boko da yake kiransa da shi. Mu ƙayar sharika muke cewa.

Muhandis ya yi wa mudir bayani a tsanake. Saiwar itacen tana nitsewa ƙasa fiye da ta kowane itace, ta riga kowa shan ruwa. Ƙarƙashinsa ciyawa ba ta fitowa. 'Ya'yansa dogaye ne kamar wake, da ɗan zaƙi, awaki na son su, su ci a nan su je su kasayar da irin a can, ya tsiro a cikin takinsa. Idan an sare shi ya yi toho daga kututture fiye da da. Inda ya kama, itatuwan da ƙasar ta sani tun kakanni sai su ja baya: kandili da Larabawa ke kira talha, da atal mai riƙe tudun rairayi, da ciyawar raƙuma. In sun tafi, tsuntsaye da ƙudan zuma da suka saba da su su bi bayansu. Ya ce a lokacin itacen bai wuce kewayen tsohon sansanin ba. Idan aka wayar wa manoma kai da wuri, duk wanda ya ga ya tsiro a lambunsa ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, to an gama.

Mudir ya ce magana ta yi. Ya tambaya ta yaya manoma za su gane itacen. Muhandis ya fito da hoto. Hoton fari da baƙi ne. Mudir ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙo mini.

"Ya Isufu, me ka gani?"

Na ce, "Ƙaya, ya mudir."

"Wace ƙaya?"

Na ce, "Duk wadda aka ce."

Mudir ya buga tebur. "Ka ji, ya muhandis? Mutanenmu ba sa yarda da takarda. Abin da suka riƙe a hannu, shi suka sani. A rena itacen nan a jaka. Kowane manomi ya tafi da ɗaya gida, ya kalle shi da kyau, ya san maƙiyinsa, sannan ya ƙone shi."

Muhandis ya karɓi hotonsa. Ya ce ko a kai reshe busasshe. Mudir ya ce busasshen reshe ba ya fita a hoton jarida. Muhandis yana jiran a sabunta masa kwantiraginsa a lokacin, sai ya ce to a ɗaura wa kowane dashe jan ƙyalle, domin ja alamar haɗari ce a duk duniya.

Ni tambaya ɗaya na yi, ta ɓangarena. Na ce, "Leburorin lambu fa, a gayyace su? In shirya tafinta?"

Mudir ya ce, "Suna da iƙama?"

Iƙama ita ce takardar izinin zama. Na ce wasu suna da ita, da yawa ba su da ita.

Ya ce, "To hukuma ba ta iya gayyatar mutumin da a takarda ba ya ƙasar. A kira masu lambu."

Na ce, "Hadir." Wato an ji, za a yi.

A nan sai in gaya muku yadda lambunan suke a lokacin. Masu lambu ba su ne ke noma ba. Fetur ya ba kowa aikin ofis ko motar haya. Mai lambu yana Sabha, ya leƙo ranar Juma'a ya ɗauki dabino da albasa ya koma. Wanda ke riƙe da fartanya, wanda ya san abin da ya tsiro da abin da ya mutu, ɗan Nijar ne da ke kwana a bukka kusa da rijiya.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Baba Haruna, mutumin wani ƙauye a arewacin Dakoro. Dattijo ne, siriri, mai son barkwanci. Fari ya kashe masa dabbobi kakaf, ya bar iyalinsa ya biyo kamyo, babbar motar kaya, ya zo, ya sami aiki a lambun Alhaji Miftah a Samnu, ɗaya daga ƙauyukan kwarin. Ba shi da iƙama. Abin da ya tsare shi daga shurɗa, wato 'yan sanda, bakin Alhaji ne kawai. Duk gidansu, mata da yara da jikoki, abin da yake aikawa suke ci. In ya rasa lambun nan, tukunyar gidan ta kife. Nakan gan shi idan mun kai dashe, yana kirana Shef, wato shugaba, don tsokana, ni kuma ina ce masa Baba.

Muka koma muka rena ƙayar sharika. Umarni umarni ne, kuma ni ba na yarda da aikin ha'inci. Ƙasa mai kyau muka sa, taki mai kyau, ban ruwa safe da yamma, a cikin jakunkuna iri ɗaya da na lemo da zaitun. Ban taɓa renon abin da ya amsa kira kamar itacen nan ba. Ko ɗaya bai mutu ba. Muka yayyaga jan yadi muka ɗaura wa kowanne.

Ranar taro a Samnu aka kafa babban tanti, aka shimfiɗa darduma, aka yanka raguna. Da motocinmu suka shigo garin a jere da tambarin hukuma, na ga leburori suna ajiye fartanya suna shigewa cikin dabinai. Kafin mu sauke kaya babu ko ɗaya a fili.

Ga yadda tsarin taron ya kasance. Aka buɗe da karatun Alƙur'ani. Mudir ya yi jawabi kan ci gaba. Wani babba na garin ya yi jawabi kan mudir. Wani ya karanta waƙar da ya tsara wa injin ban ruwa. Aka kawo abinci, shinkafa da naman rago. Aka kawo shayi, na farko, na biyu, na uku da gyaɗa a ciki. Sai bayan wannan duka aka ba muhandis lasifika.

Ya zo da majigi don nuna hotuna, amma rana tana tsaka, farin ƙyallen da aka rataya fari ya tsaya. Ya yi bayani da Larabcin littafi, bayani mai kyau, ba abin da ya bari. Ni na saurare shi duka domin a tsaye nake. Waɗanda ke zaune kuwa rago ya riga ya yi aikinsa. Wasu sun jingina da matashi, wasu sun fita duba motocinsu. Yana cikin maganar saiwa aka kira sallah, tanti ya tashi. Maganar ƙonewa ita ce ta ƙarshe a takardarsa. Ya faɗe ta, amma ni da mai naɗe darduma kaɗai muka ji.

A bakin tanti muka jera dashen. A shekarun nan ba a taro a watse hannu wofi. Wani taron a ba da injin, wani a ba da tumaki, wani a ba da dashen lemo. Mutane sun saba, jawabi shi ne kuɗin shiga, kyautar tana bakin ƙofa. Sai suka yi layi da kansu. Wani ya ce a ƙara masa ɗaya na ɗan'uwansa da bai zo ba. Wani dattijo ya tare muhandis ya ce, "Yaushe yake fara 'ya'ya?"

Muhandis mutum ne mai gaskiya. Ya ce, "Shekara biyu zuwa uku. Kuma yana zuba su da yawa, shi ne ma..."

Dattijon ya ce, "Masha Allah," ya rungumi jakarsa ya wuce.

Alhaji Miftah ya karɓi nasa. Daga baya Baba Haruna ya gaya mini yadda aka yi. Alhaji ya tsaya a bakin lambu, bai kashe mota ba, ya miƙo jakar ta taga ya ce, "Ga shi, daga hukuma." Ya ja mota ya nufi Sabha.

To ku sa kanku a matsayin Baba Haruna. An miƙo maka dashe kore shar a cikin jakar da ake kawo lemo. An ce daga hukuma. Ga jan ƙyalle a ɗaure. A wurin muhandis ja haɗari ne. A ƙauyukanmu kuwa, itacen da ka ga an ɗaura wa jan ƙyalle, mai shi ya yi masa tsari ne, ma'ana kada wanda ya taɓa. Baba Haruna ya zaɓa masa wuri mafi daraja a lambun, kusa da rijiya. Ya yi masa shinge don kada awaki su ci. Sauran leburorin kwarin ma haka suka yi, kowa a lambun maigidansa.

A ofis aka rubuta rahoto aka aika sama. Aka ce taro ya yi nasara, manoma sun nuna sha'awa ƙwarai, ba dashe ko ɗaya da ya rage. Duk gaskiya ne. Aka aiko wa mudir da yabo, aka sabunta kwantiragin muhandis. Aka rufe maganar wayar da kai, tunda kai ya waye. Bayan haka aka mai da rabon dashenmu wasu garuruwan, muka daɗe ba mu taka Samnu ba.

Shekaru suka ɗan ja. Wata rana labari ya zo cewa manya za su zo daga babban birni su ga lambunan kwarin. Mudir ya tura ni da muhandis mu zaga tukuna. Tun daga nesa muka hango ƙayar sharika. Duk lambun da muka wuce, ga ta nan, kore, ta fi mutum tsawo. A bakin hanyoyin ruwa ƙanana sun tsiro kamar an watsa gero.

Lambun Alhaji Miftah ya fi ko'ina. Uwar, wadda ya dasa tun farko, ta yi rassa ta rufe bakin rijiya. Daga ita Baba Haruna ya ja shinge ya kewaye lambun duka. Ya fito da gudu da fara'arsa.

"Shef! Yau wace rana! Ka zo ganin 'yarku? Ka gan ta nan. Wallahi ko 'yar cikina ban yi wa hidimar da na yi mata ba."

Na ce, "Baba, wannan shingen fa?"

"Jikoki ne. Ai ba ta da rowa. Kowa a kwarin nan ya zo na ɗibar masa 'ya'yan, awakinsu har ƙiba suke yi. Ka gaya wa Balaraben nan ya rubuta sunana, in akwai lambar yabo kada ta ɓata hanya."

Muhandis ya ce, "Me yake cewa?"

Na fassara masa duka, domin tafinta ba ya rage magana. Muhandis ya zauna a kan bakin kwalbatin ruwa ya cire hularsa.

Muka duba lambun bi da bi. Ruwan rijiya ya ja ƙasa, an ƙara wa bututun injin tsawo. Ƙananan dabinai na kusa da shinge sun yi rawaya. A bayan lambun akwai wani fili da na sani da tsoffin kandili da ciyawar raƙuma, inda masu raƙuma ke saukewa. Kandilin suna tsaye amma sun bushe daga sama, ƙayar sharika ta shige tsakaninsu ta toshe hanya. Na tambayi Baba Haruna ko ya lura da rijiyar.

Ya ce, "Na lura mana. Tsufa ne. Rijiya ma tana tsufa, Shef, ba mu kaɗai ba."

Washegari aka sake rufe ƙofar ofis. Mudir ya saurari muhandis har ƙarshe, sannan ya warware matsalar da tsari, kuma na yarda tsarin ya tsaru. Na farko, laifin ba na ofis ba ne, domin rahoto ya nuna taro ya yi nasara, kuma sama ta amince da rahoton. Na biyu, ba na masu lambu ba ne, domin sun halarci taro, an wayar musu da kai, kuma 'yan ƙasa ne. Saura waɗanda ba su halarta ba. A cikinsu wa ya fi yaɗa itacen? Duk kwarin ya san inda ake zuwa ɗibar iri.

Aka kira Alhaji Miftah da Baba Haruna ofis. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, yana tsammanin maganar lambar yabo ce. Aka ba Alhaji kujera. Ni da Baba muka tsaya.

Mudir ya ce wa Alhaji magana biyu ce. Ko dai shi ne ya ba da umarnin shuka itacen da hukuma ta hana, a karɓe injin ban ruwan da hukuma ta ba shi. Ko kuma leburansa ne ya yi gaban kansa.

Ba zan zalunci Alhaji ba, ya ɗan yi ƙoƙari. Ya ce, "Ya mudir, mutumin nan mai sallah ne. Ko dabino ɗaya bai taɓa ɗauka ba."

Mudir ya ce, "Ba maganar sallah muke ba. Ka halarci taro?"

"Na halarta."

"Ka ji an ce a ƙone?"

Alhaji ya dubi muhandis, ya dubi silin. In ya ce bai ji ba, ya yi barci a taron hukuma. Ya ce, "Na ji."

"To ka gaya wa leburanka?"

Alhaji ya daɗe yana juya makullin motarsa a yatsa. Ya ce, "Na gaya masa."

Mudir ya ce, "Ya Isufu, fassara."

Na juya na ce, "Baba, Alhaji ya ce ranar da ya ba ka itacen ya gaya maka ka ƙone shi."

Baba Haruna ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba mai dariya, sai ya ce, "Ƙone wa? Itacen hukuma? Shef, tambaye shi, da motar tana tafiya ya faɗa ko da ta tsaya? Don ni dai ƙurar na gani."

Na fassara. Alhaji bai ɗago kai ba.

Baba ya ce, "Ka kuma tambayi mai teburin nan. In abin ƙonewa ne, su ba su da ashana a Sabha? Sai an kawo wa Haruna har Samnu?"

Wannan ma na fassara. Mudir ya ce ba a kira shi don ya yi tambaya ba.

Na nemi izinin magana. Na ce tunda za a buƙaci hannu wajen tumɓuke itacen, a ɗauke shi a sashenmu, ni zan tsaya masa. Mudir ya ce hukuma ba ta iya ɗaukar mutumin da ba shi da iƙama. Na ce to a yi masa ita. Ya ce ba a yi wa mai laifi iƙama. Muhandis ya buɗe baki ya ce shi a ganinsa, mudir ya ce ba a nemi ganinsa ba. Abin da aka yi wa Baba na sauƙi shi ne ba a kira shurɗa ba. Aka ce ya bar ƙasar da ƙafarsa kafin manya su iso.

Manyan sun iso bayan tafiyarsa, zan faɗi nasu a nan in gama da shi. Sun zaga kwarin a cikin motoci masu sanyi, gilashi a rufe. Da suka zo lambun Alhaji Miftah, babbansu ya sa aka tsaya. Ya dubi shingen nan kore daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ce tun da ya baro bakin teku bai ga inda aka ci hamada da yaƙi kamar nan ba. Ya tambayi wanda ya yi aikin. Mudir ya ce haɗin kai ne tsakanin ofis da manoma. Aka ɗauki hoto a gindin uwar. Bayan wannan ba wanda ya isa ya rubuta cewa a tumɓuke abin da babba ya yaba.

Ranar da Baba Haruna zai tafi, na je tashar da kamyo masu zuwa Agadas ke lodi. Na same shi zaune a kan buhunsa kusa da mai shayi. Alhaji ya aiko masa da dabino da bargo ta hannun wani, bai zo da kansa ba. Muka gaisa. Na tambaye shi abin da zai yi a gida. Ya ce Allah na nan. Sai na ga wata jakar tsumma a gefensa, bakinta bai ɗauru sosai ba. 'Ya'yan ƙayar sharika ne cike da ita.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Guzurin gida."

"Itacen da ya kore ka daga aiki za ka kai gida?"

"Ba itace ya kore ni ba, Shef. Kana tsaye a wurin." Ya gyara zama. "Ka san garinmu? Na baro shi babu kore ko na magani. Awakina takarda suka ci kafin su mutu. Yanzu na sami itacen da ba ya jin fari, ba ya jin gatari, dabba ta ci ta ƙoshi, ka ce in bar wa Larabawa?"

A nan na gane cewa tun daga ranar tanti har ranar ofis, an ɗora masa laifi, an kore shi, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da itacen yake yi. Na ce wa mai shayi ya ba ni benci. Na zauna, na ce Baba ya ba ni kunnensa.

Na bi masa bayanin daki-daki da Hausa, kamar yadda na ji shi a bakin muhandis. Na fara da rijiya. Na ce ba tsufa ba ne, uwar nan ce take shanye ta ta ƙasa. Na ce garinku rijiya nawa gare ku? Ya ce ɗaya. Na ce to ka riƙe wannan. Na zo kan ciyawa. Na ce ka taɓa ganin ciyawa a ƙarƙashin shingenka? Ya yi tunani, ya ce a'a. Na ce dabba ba ta rayuwa da 'ya'yan itace kaɗai, kai ka fi ni sani. Na zo kan awaki, yadda suke shuka shi inda ba wanda ya aike su, har cikin gonar gero. Sannan na zo kan itatuwa. Na ce ka lissafa mini na garinku da suka tsira daga fari. Ya ce aduwa, magarya, kandili, da wani gawo a gonar mahaifinsa. Na ce a ina kuka sami abin ci da yunwa ta yi tsanani? Ya ce ganyen aduwa da 'ya'yan magarya. Na ce ka ga kandilin bayan lambun Alhaji? Haka za su koma. Itacen nan ba ya zama da kowa. In ya shiga, shi kaɗai ne.

Ya dubi jakar tsumman. Yaran mota suna ta ɗaure kaya. Can ya ce, "To wannan maganar, me ya hana a yi mini ita tun farko? Ai ba ta kai shan shayi ɗaya ba."

Amsar wannan tana ofis.

Ya tura mini jakar da ƙafa. Na roƙi mai shayi, muka juye ta a kan garwashi, muka tsaya har ta cinye. A iya sanina wannan ce kaɗai wayar da kai da aka yi a duk aikin nan, kuma an yi ta ne ga mutumin da aka riga aka kora.

Direba ya busa ƙaho. Na kama wa Baba buhunsa muka miƙa sama. Da ya ɗaga ƙafa zai hau, na ga aljihun rigarsa na gefe ya yi nauyi, yana reto. Na ce, "Baba, aljihun fa?"

Ya ce, "Goro ne, Shef. Ko shi ma yana shanye rijiya?"

Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ba a sa wa dattijo hannu a aljihu a tsakiyar tasha. Ya hau, kamyo ya tashi. Ban sake ganinsa ba, ban kuma ji yadda gidansa ya ƙare ba.

Abin da na koya a aikin nan ba shi da yawa. Wanda ke zuwa taro daban, wanda ke ban ruwa daban. Mutumin da fari ya taɓa kora ba zai kashe kore don an ɗaura masa ƙyalle ba, sai an zauna da shi an gaya masa dalili da harshensa. Kuma in abu ya lalace a ofis, laifin yana gangarowa ne har ya sami wanda ba shi da kujera.

Yanzu ƙafafuna ba sa kai ni nesa, ku kuwa ana tura ku ko'ina. Roƙona gare ku guda ne. Duk wanda aiki ya kai shi arewacin Dakoro, ya tambayi ƙauyen Haruna da ya dawo daga Samnu. Ya je bakin rijiyar garin ya duba da idonsa. In ya ga aduwa da magarya, ya gaishe mini da iyalinsa. In ya ga ƙayar nan, kada ya kafa tanti, kada ya nemi lasifika. Ya tara masu fartanya a gindinta ya yi musu bayani, su tone ta har saiwa. Ko wanne ya tarar, ya aiko mini da labari tun ina da rai.